Sharhi: Kuɗin barka da Sallah na yaro ne, a raka shi kasuwa ya kashe su da hannunsa

Azumi ya shiga goman ƙarshe, kuma duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram da maraice ya san haka ba sai an faɗa masa ba. Teloli sun daina karɓar ɗinki, masu takalman yara sun baje haja har bakin hanya, masu tebur kuma sun rataye tabarau na roba da agogo da balan-balan da bindigogin wasa daidai tsayin idon yaro ɗan shekara 6. A gidaje lissafi ake ta yi: na ɗinki, na cefane, na zakkar fid da kai, na kitso da lalle. Akwai lissafi guda da ba a cika yi ba, alhali yana zuwa sau biyu kowace shekara, shi ne na ƴan kuɗin da ke shiga hannun ƙananan yara da sunan barka da Sallah.

Kuɗin ba su da yawa, shi ya sa ake raina su. Kawu ya ba da dala 20, gwaggo ta ba da dala 10, maƙwabci ya miƙa dala 5, wani ɗan uwa da ya zo daga Yamai ya zaro takardar dala 100. Kafin rana ta uku yaron da ke da dangi a gari yana iya haɗa jika 1 ko 2. Abin da ke faruwa da kuɗin kusan kowa ya sani, don kowa ya taɓa zama yaro. Ko dai uwa ta ce "kawo in ajiye maka", daga nan ba a sake jin labarinsu ba, ko kuma a bar yaron ya fita shi kaɗai, ya dawo da bindigar roba wadda ba za ta kwana biyu ba ta karye. A hanya ta farko yaro ya koyi cewa ajiya a hannun babba ɓata ce, baɗi kuma zai ɓoye kuɗinsa a takalmi. A hanya ta biyu mai tebur ne kaɗai ya ƙaru.

Ra'ayin wannan jarida shi ne akwai hanya ta uku, kuma ba ta buƙatar ƙarin ko dala ɗaya daga aljihun maigida. A ƙirga kuɗin tare da yaron, a raka shi kasuwa, a bar shi ya zaɓa, ya taya, ya biya da hannunsa, kuma a cikin abin da zai saya a samu wani abu da zai kai wa wani a matsayin kyautar Sallah. Yaron da ya saba karɓa tun yana goye, ya kamata ya ɗanɗana bayarwa tun kafin ya kai shekara 10.

Maganar ta fi nauyi a wannan lokaci saboda halin da aljihu ke ciki. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024, kuma akasarin magidanta ma ba su da albashi, abin da rana ta kawo shi ake ci. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO da ya biyo baya, kayan da aka saba shigowa da su ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin wannan doguwar hanya kuwa mai saye ne ke biyansa a ƙarshe. Kusan rabin al'ummar ƙasar nan yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Gidan da ke da yara 6 ko 7, in an yi wa kowa ɗinki da takalmi, babu sauran abin da za a ce na kayan wasa ne ko na kyauta. Don haka jika 1 ɗin nan da ke hannun yaro ita ce kasafinsa gaba ɗaya, kuma ta cancanci a zauna a yi mata tsari kamar yadda ake yi wa kuɗin cefane.

Kafin komai sai an daidaita kan mai kuɗin. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa abin da aka bai wa yaro kyauta mallakarsa ne, uba ko waliyyi mai kula ne da shi don amfanin yaron. Kakanni ma sun san haka ba tare da an karanta musu littafi ba. A da, kuma har yanzu a ƙauyuka da dama, uwa in ta karɓi kuɗin ɗanta takan saya masa kaza, ta nuna masa ta ce wannan taka ce. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, a sayar a haɗa a sayi ɗan akuya, a nan yankin ma jar akuyar Maraɗi wadda sunanta ya kai ƙasashen waje. Yarinya takan tashi da akuyarta har ta taimaka wajen kayan ɗakinta. Wannan ita ce "kawo in ajiye maka" ta gaskiya, don yaro yana ganin ajiyarsa tana kiwo a tsakar gida. Abin da ya rage a birane yau kalmar ce kawai, kazar ta ɓace.

Darasin farko a tabarma ake yinsa, tun kafin a fita gida, kuma darasi ne da makarantar boko ba ta cika koyarwa ba. A aji yaro yana koyon lissafi da tamma ɗaya-ɗaya: ya ga 100 a jikin kwandala, malami ya ce ɗari ce. A kasuwa kuwa wannan kwandalar dala 20 ce, takardar da aka rubuta wa 500 dala 100 ce, mai 1.000 kuma jika ce, wato dala 200. Babba ba ya ma lura yana raba lamba gida 5 a kansa duk lokacin da ya sayi goro. Yaro ɗan shekara 7 kuwa nan ne ake cutarsa, ko ya cuci kansa: a ce masa abu dala 50 ne, ya ɗauka kwandalar da aka rubuta wa 50 ake nufi, alhali 250 ake nema. In aka zuba kuɗin a faifai, aka jera su kashi-kashi, aka sa shi ya faɗi sunan kowace kwandala da harshen kasuwa da na makaranta, an ba shi abin da zai yi amfani da shi har tsufansa. Minti 20 sun isa.

A wannan zaman ne kuma ake raba kuɗin. Ba dole sai an bi wani ƙa'idajjen kaso ba. A ɗauka yarinya ta tara jika 2. Za a iya cewa dala 100 ta shiga asusu, dala 200 ta sayi abin da ranta ke so, dala 100 kuma ta kyauta ce. Wani gidan zai fi son ajiyar ta fi yawa, wani gidan kuma babu ma abin ajiyewa. Abin da bai kamata a tsallake ba shi ne a faɗa wa yaro iyakar abin da zai kashe tun a gida, a kuma tsaya a kai. Yaron da aka kai gaban tebur bai san iyakarsa ba kuka zai yi, uban da ya ji kunyar idon mutane kuma zai ƙara daga kuɗin cefane, daga nan yaron ya gano cewa kuka ma hanyar ciniki ce.

Sai tambayar da ta fi daɗi: wa za a saya wa? A bar yaron ya faɗa da bakinsa, kuma a taƙaita a mutum ɗaya ko biyu, don dala 100 ba ta rabuwa gida 10. Yawanci kaka ce ke fara zuwa bakinsu, sai ƙani ko ƙanwa, sai malamin allo. Wani yaron zai ambaci almajirin da ke yi wa gidan ɗebo ruwa, ko abokinsa maraya da ba a yi wa ɗinki ba, kuma in ya yi haka bai kamata a karkatar da shi zuwa ga wani mai hali don neman suna ba. Daga nan a tambaye shi me wannan mutumin ke amfani da shi kullum. Wannan tambayar ce ke sa yaro ya fara kallon mutanen gidansu da idon lura. Zai tuna cewa kaka tana cin goro, cewa carbin kaka namiji ya tsinke an ɗaure da zare, cewa maficin inna ya zare, cewa ƙaninsa ba shi da abin rubutu.

Irin waɗannan abubuwa su ne daidai kuɗin yaro: goro ƙwaya biyu ko uku, sabulu guda, ƙaramar kwalbar turare, asuwaki, carbi, dabino ƙulli ɗaya, ɗankunne, littafin rubutu. Akwai kuma abin da hannun mutanen ƙasa ke yi, wanda sau da yawa ya fi na roba arha da ƙarko, kamar mafici da faifai na kaba, ƙaramin jakar fata irin ta dukawan Damagaram, ko ɗan kaskon turaren wuta da asusu na maginan tukwane irin na Mirya. Kuɗin da aka kashe a nan a unguwa suke tsayawa. Wanda kuma ba shi da ko dala 20, yana iya zama kusa da uwarsa ranar da ake suyar cincin ko tuƙin alkaki da nakiya, a ware masa nasa kason ya ƙulla da kansa ya kai wa wanda ya zaɓa.

Za a ce ai barka da Sallah sai ranar Sallah take shigowa, ta yaya za a sayi kyauta kafin nan? Gaskiya ne, amma yawon Sallah ba rana ɗaya ba ne. Abin da aka samu ranar farko ana iya fita da shi washegari da safe, a kai kyautar gidan kaka da yamma. Sannan tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan kwana 70 ne kacal. Abin da aka jefa a asusu yanzu, shi za a fasa a farkon watan Zulhajji a yi sayayya cikin natsuwa kafin kasuwa ta cika. A Babbar Sallah ma yara suna da wata hanyar samu: bayan an banƙare raguna an gasa su ranar farko, washegari yara ne ke yawo da kwanonin nama gida-gida, kowane gida kuma da ɗan tukwicinsa. Wannan kam guminsu ne, babu mai cewa ba nasu ba ne.

A kasuwa aikin babba shi ne ya tsaya a baya kaɗan. Yaro ya yi sallama, ya tambayi kuɗin abu, ya taya, ya ji an ce masa albarka, ya ƙara kaɗan ko ya wuce tebur na gaba. Yawancin yara ba su san ana iya barin abu a tafi ba, kuma ranar da yaro ya juya baya ya ji mai kaya ya kira shi ya ce kawo kuɗin, ya fahimci kasuwa fiye da wanda aka yi wa bayani sau 10. A sa shi ya tambayi tebur biyu ko uku kafin ya biya. A sa shi ya ƙirga canjinsa a gaban mai kaya, don ƙarancin canji ya sa wasu sun mai da alewa kuɗi, su miƙa wa yaro minti biyu a madadin dala 5 ba tare da sun tambaye shi ba. Kuma a tafi da safe, ba daren jajibiri ba, lokacin da cunkoso da ƴan kabu-kabu da masu yankan aljihu suka cika ko'ina, farashi kuma ya hau.

Abu mafi wuya ga uwaye shi ne haƙuri da zaɓin yaro. Zai ɗauko tabarau mai ruwan hoda da babba ke ganin shirme ne, ko ya zaɓa wa kakarsa ɗankwalin da launinsa bai dace da tsohuwa ba. A bar shi. Kakar za ta ɗaura, za ta kuma sa masa albarkar da zai daɗe yana tunawa. In ya sayi abin da ya lalace kafin magariba, kada a maye masa da wani, kada kuma a yi masa gori. Asarar dala 50 yana ɗan shekara 8 ta fi sauƙi a kan asarar jari yana ɗan shekara 28.

Wuraren da babba zai sa baki ba su da yawa, amma ba a sassauci a kansu. Na farko bindigar wasa mai harba ƴan ƙwayoyin roba, wadda ke iya fasa idon yaro, kuma yara a fuska suke auna juna. Ban da haɗarin ido, akwai abin dubawa a ce a jihar da mutanen Madarunfa da Gidan Runji suka sha fama da ƴan bindiga masu satar shanu da mutane, wasan da ya fi tashe ranar Sallah shi ne yara su rabu gida biyu suna harbin juna a lungu. Haka abin fashewa da ake kunna wa wuta a jefa. Na biyu kayan wasa masu ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda in murfinsa ya buɗe ƙaramin yaro kan haɗiye, kuma yana ƙona maƙogwaro cikin ƴan sa'o'i. Gidan da ke da mai rarrafe ya nisanci irinsu. Na uku alewa da biskit da lemon roba da wa'adinsu ya wuce ko suka wuni a rana, waɗanda ake fitowa da su a irin wannan lokaci saboda an san yara ba sa dubawa. Yaron da ya iya karanta lamba ya iya karanta kwanan watan da ke jikin leda, in an nuna masa inda yake sau ɗaya.

Akwai gidajen da wannan magana za ta yi wa kama da ta masu ƙoshi, kuma dole a faɗi gaskiya a kansu. Uwar da mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba, in ɗanta ya shigo da jika 1 ranar da babu tiyar hatsi a ɗaki, ba wanda zai ce ta bar shi ya sayi balan-balan. Ta karɓa, ba laifi. Abin da ake roƙo shi ne ta faɗa masa gaskiya: kuɗinka ne muka ci tuwo da su yau, ka ciyar da gidanku. In rance ne a kira shi rance, a kuma biya ko da kaɗan-kaɗan. Yara suna ɗaukar gaskiya fiye da yadda ake zato, abin da ba sa mantawa shi ne a ce an ajiye alhali an kashe. Kuma ko a irin wannan gida, barin dala 10 a hannunsa ya saya wa ƙanwarsa wani abu ba zai hana tukunya tafasa ba.

Abin da ba shi da uzuri shi ne mai da yaro hanyar neman kuɗi. Ana ganin ƙananan yara ƙungiya-ƙungiya suna tare motoci da shiga gidajen da ba su sani ba suna barka da Sallah, wasu har an yanka musu abin da za su kawo gida. Ana ganin ƴan mata ƙanana da tallan dare a goman ƙarshe don su haɗa kuɗin kayan Sallarsu. Kowace Sallah sai an ji cigiyar yara a gidajen rediyo da lasifikar masallatai. Barka da Sallah zumunci ce tsakanin yaro da danginsa da maƙwabtansa, in ta wuce nan ta zama bara da sabon kaya.

Gasa ma tana da nata kason a wannan matsala. A gidan da ke da ɗaki biyu ko uku, abin da aka saya wa ɗan wannan ɗaki shi ake aunawa da na wancan, yanzu kuma an ƙara da hotunan da ake ɗorawa a WhatsApp da Facebook. Maigidan da ya tara yaransa duka a tabarma ɗaya, ya ƙirga da kowa, ya kai su kasuwa tare, ya rage wa kansa wannan fitina. In ma ya sa ɗan wannan ɗaki ya saya wa ƙaninsa na wancan ɗaki kyauta, ya yi aikin da wa'azin shekara bai yi ba. Kuma aikin rakiyar nan bai kamata a jibga wa uwa ita kaɗai ba, ga suya ga kitso ga baƙi. Uba ko yaya ko kawu na iya ɗaukar sa'a guda.

Ƴan kasuwa su ma da magana a kansu. Yaron da ya zo da kuɗinsa a dunƙule cikin tafin hannu abokin ciniki ne, ba tsuntsu daga sama gasasshe ba. Ninka masa farashi ko miƙa masa abin da aka san ya fashe cin amana ne, ko da dala 10 ce, balle a watan azumi. Shugabannin kasuwanni suna da ikon jan kunnen mutanensu, ma'aikatun magajin gari da jami'an kula da tsafta da na kasuwanci kuma suna da hurumin zagayawa teburan kayan yara a wannan mako, su janye abin da wa'adinsa ya wuce da abin da ke iya raunata ido, tun kafin a kai yaro asibiti ana neman likitan ido ranar hutu.

Duk abin da aka faɗa ya shafi iyalan Kirista na Maraɗi da Galmi da Yamai da sauran garuruwa in Kirsimeti da sabuwar shekara suka zo, don tebur ɗaya ne, mai kaya ɗaya ne, aljihun ma iri ɗaya ne.

Malaman makarantun boko da na Islamiyya na iya taimakawa da abu mai sauƙi kafin a ba da hutu: darasi guda na lissafi da kwandaloli na gaske a kan tebur, ɗalibi ɗaya ya zama mai kaya, ɗaya mai saye, a yi ta juya dala zuwa tamma da tamma zuwa dala har kowa ya iya. Sauran aikin na gida ne. Asusun ƙasa ana samunsa wajen masu tukwane a kowace kasuwa, kuma gara a saye shi a wannan mako, a rubuta sunan kowane yaro a jikin nasa da gawayi, ya kasance yana nan a ɗaki kafin a sauko daga Idi.